Daga Alkamar Lambu Zuwa Burodin Gida a Ƙasar Gwandu da Kalgo

Duk wanda ya halarci walimar aure ko ta suna a Gwandu ko Kalgo a 'yan shekarun nan zai tarar da wani abu da babu shi a akushin iyayenmu, wato 'yan dunƙulen burodi masu taushi da ɗan zaƙi, an shafe bayansu da bota suna sheƙi, irin waɗanda ake ajiye wa baƙo a manyan otal-otal kafin a kawo masa abinci. Matan gida ne ke yin su da hannunsu, waɗansu a obin na gas, waɗansu a cikin tukunya da rairayi. Yaran yanzu suna ɗauka abin daga wayar hannu ya fito, dattawa kuwa sukan ce abincin Nasara ne su wuce. Abin da na sa a gaba a wannan rubutu shi ne in bi sawun wannan ɗan burodi tun daga lambun alkama na zamanin Mujaddadi, domin malaman makaranta su sami abin da za su nuna wa ɗalibai cewa tarihi yakan shiga har cikin madafa, kuma domin mu san inda kuɗin karin kumallonmu yake tafiya.

Alkama kafin zuwan Turawa

Sunayen kansu shaida ne. Kalmar alkama daga Larabci muka aro ta, haka nan alkaki da alkubus da gurasa. Wannan yana nuna hanyar da ƙwayar ta biyo, wato ta ratso Sahara tare da fatake da malamai, ta zauna a wuraren da ake da ruwan rani da sanyin hunturu, kamar Borno da Kano da Katsina da Azbin. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya sake dawowa a 1826 har ajali ya same shi a can a 1827, ya rubuta cewa ya ga ana noman alkama da ban-ruwa a ƙasar Hausa. Ke nan shekaru kusan 80 kafin sojojin Ingila su shigo ƙasar nan, manomanmu sun san alkama, sun san lokacinta.

Ita kuwa Gwandu, abinci na daga cikin abin da ya kawo Jama'a cikinta. Bayan wahalar da aka sha a Tsuntsuwa da yunwar da ta biyo baya a Sabon Gari, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da mutanensa sun sauko Gwandu a 1805, shekarar da Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi. Muhammadu Bello ya kewaye garin da ganuwa a 1806. Kwarin da ya ratsa garin yana riƙe danshi har cikin rani, kuma wannan ne arzikin wurin. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, bai sami ganin Sarki ido da ido ba, amma ya sami kwafin littafin Tarikh al-Sudan a garin, ya kuma yaba albasa da ayabar da ake samu a kwarin. Daga nan ya bi ta Sayi ya isa Tumbuktu, inda ya tarar ana gasa burodin alkama ana sayarwa. Ya kamata a tuna cewa ikon Gwandu a wancan zamani ya miƙa yamma har Sayi da Liptako, saboda haka matafiya da almajiran da ke zirga-zirga tsakanin waɗannan ƙasashe ba baƙin gasasshiyar alkama ba ne.

To amma alkama ba ta taɓa zama abincin kullum ba a wajenmu, kuma dalilin a fili yake ga wanda ya taɓa riƙe guga. Gero da dawa Allah ke ba su ruwa daga sama, shinkafar fadama kuma ambaliyar gulbi ke shayar da ita. Alkama kuwa sai an jira damina ta wuce, sanyi ya fara shigowa wajen watan Nuwamba, sannan a yi fangali a shuka. Daga nan har girbi a watan Maris mai lambu yana bakin rijiya ko bakin tafki yana jan jigo, bayan kwanaki kaɗan ya sake zagayowa kan fangalin da ya fara. Idan aka makara da shuka, zafin bazara ya riski zangarniya tana nono, ƙwayar ta motse, wahalar wata huɗu ta tashi a banza. Wannan ya sa mudun alkama ya fi na gero tsada nesa ba kusa ba, ta zama abincin fada da gidajen malamai da attajirai, talaka kuwa sai da Salla ko biki.

Na taso na tarar da goggona tana cikin matan da ake kira idan za a yi garar amarya. Takan ɓarza alkama a dutsen niƙa ta fitar da tsaki, ta kwaɓa shi ta rufe ya kwana, da safe ta murza ta naɗe shi kamar igiya, ta soya, sannan ta tsoma a zuma. Alkakin da ta yi yakan yi watanni a cikin kwalla bai lalace ba, kuma da yawansa da kyansa ake auna darajar dangin amarya. Ban da alkaki akwai funkaso da ake ci da miyar taushe, da alkubus da ake turarawa, da taliyar hannu. Abin lura a nan shi ne matanmu sun daɗe da sanin tashin ƙullu. Mai masa takan bar ƙullun shinkafa ya kwana ya yi tsami ya kumbura, takan kuma rage ɗan tsohon ƙullu ta zuba cikin sabo domin ya tashi da wuri. Wannan shi ne ainihin aikin da yis ke yi a yau. Abin da ba a saba da shi ba a gidajen ƙasar Gwandu shi ne gashi a rufaffen wuri. Girkinmu dafuwa ne da suya da turarawa. Gurasar da ake mannawa a jikin tanderu sana'ar Kano ce, can ta yi ƙarfi a unguwannin da Larabawan Turabulus da Gadamas suka zauna.

Burodin Ikko ya hau jirgin ƙasa

Burodin da muka sani, fari mai laushi, ta bakin teku ya shigo. Kafin ya samu sai da abubuwa biyu suka faru a ƙasashen Turai da Amurka cikin ƙarni na 19. Na farko shi ne injin niƙa mai naɗin ƙarfe, wanda yake raba farin gari da dusa ya fitar da fulawa mai arha wadda ba ta saurin lalacewa, har a ɗora ta a jirgin ruwa ta yi watanni a hanya. Na biyu shi ne yis na kanti, wanda kamfanin Fleischmann ya fara sayarwa a Amurka a 1868. A wannan zamani ne wani otal mai suna Parker House a birnin Boston ya yi suna da ƙananan burodi masu madara da bota da ɗan sukari, kuma daga irinsu ne wannan salo na burodin otal ya bazu a duniya.

A Ikko, bayin da aka 'yanta suka dawo daga Birazil da Saliyo su ne suka fara sana'ar, kuma kafin yis ya wadata da bammi suke tayar da kwaɓinsu. Wani mutumin Jamaika mai suna Amos Shackleford, wanda ya zo aikin jirgin ƙasa a 1913, shi ya mayar da abin babbar sana'a a Ebute Metta, ya shigo da injin murza kwaɓi wanda ke sa cikin burodi ya yi santsi ya yi danƙo. Wannan danƙo shi ne har gobe ɗan Nijeriya ke nema idan ya matsa burodi da yatsa kafin ya saya. Wanda ya taɓa tsallakawa Gaya ko Doso ya san bambancin. Can burodin Faransa ne, dogo kamar sanda, bayansa da tauri, babu sukari babu mai, kuma da ya wuni sai ya bushe. Tsakaninmu da su tafiyar 'yan sa'o'i ce, amma kowa ya gaji burodin wanda ya mulke shi.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya bi ta Gusau kuma ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Bai taɓa isowa Sakkwato ba balle Birnin Kebbi, inda Turawa suka mayar da fadar Sarkin Gwandu a 1906 bayan yaƙin Satiru. Saboda haka buhun fulawa sai ya sauka Gusau, sannan ya hau babbar mota ya biyo doguwar hanya kafin ya ga kasuwar Jega. Wannan nisa shi ya sa burodi ya makara a wajenmu idan aka kwatanta da Kano ko Zariya. Waɗanda suka fara cin sa a kai a kai su ne ma'aikatan En'e da 'yan makarantar kwana da direbobi, sai kuma tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 da al'adar shayi da burodi. Masu gidajen burodi na farko a garuruwan Arewa galibi mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari. Bayan rikicin 1966 da yawansu suka tafi, yaran da suka koyi aikin a hannunsu suka gaji tanderun.

Lokacin da nake firamare, burodi tsaraba ce. Wanda ya je Sakkwato ko Gusau shi ke dawowa da shi a naɗe cikin takarda, a yanka wa kowane yaro yanki kamar tafin hannu, kuma babu yaron da zai cinye nasa a zaune ɗaya. Tsofaffi da dama ba sa kusantarsa, domin labarin bammi ya riga burodin isowa.

Shekarun man fetur

Abin da ya sauya komai shi ne kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, wanda wani attajiri ɗan asalin Girka, George Coumantaros, ya jagoranta. Injinsa na Apapa ya fara aiki a 1962, yana niƙa alkamar da aka sayo daga Amurka yana fitar da fulawa mai tambarin Golden Penny. Daga baya aka kafa reshen niƙa a Kano cikin shekarun 1970. Sai kuɗin man fetur ya shigo, sai ƙarin albashin Udoji ya biyo baya a tsakiyar shekarun, Naira kuma tana da ƙarfi har alkamar da ta ƙetaro teku ta fi wadda aka ja wa jigo a Gwandu arha. Teburin mai shayi ya bayyana a kowace tasha. A mararrabar Kalgo, inda hanyar da ta fito daga Birnin Kebbi ke rabuwa, ɗaya ta nufi Jega ɗaya ta nufi Bunza da Kamba, direba da ɗan kamasho da ma'aikacin da zai kama ofis duk sun koma karyawa da shayi da burodi mai Blue Band, koko da ƙosai suka zama na yara da tsofaffi. 'Yan Gana da suka cika ƙasar nan a lokacin sun kawo nasu salon burodi mai sukari da bota, kuma ko bayan korar baƙi ta 1983 ɗanɗanon ya zauna a bakin mutane.

Zuwa farkon shekarun 1980 Nijeriya tana sayo alkama fiye da tan miliyan 1 a kowace shekara. Gwamnati ta ga haɗarin, ta ce za a noma ta a gida ta hanyar manyan madatsun ruwa. Aka yi na Tiga a Kano, aka yi aikin Kudancin Tafkin Cadi a Borno, a nan ƙasarmu kuma aka gina Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, sannan Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984. Labarin Bakolori sananne ne ga duk wanda ya yi aiki a tsohuwar Jihar Sakkwato. An karɓe gonakin mutane, diyya ta yi tsaiko, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta aka rasa rayuka da dama. A ƙasan madatsar kuma ambaliyar da fadama ta dogara da ita ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Alkamar da aka yi duk wannan dominta ba ta taɓa kusantar abin da aka yi alkawari ba. Waɗansu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun fitar da littafi a 1985 mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama, inda suka nuna cewa ƙasar ta saba da abincin da ba za ta iya noma shi da arha ba, kuma ƙoƙarin noma shi da ƙarfin tsiya ya ƙara zurfafa ramin. A ganina duk malamin da ke koyar da tarihi ko aikin gona a sakandare ya kamata ya san da wannan littafi, domin rabin labarinsa a gulabenmu ya faru.

Hanin 1987

Da kuɗin mai ya karye, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987. Hujjarta ita ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ina cikin ƙananan ma'aikata a lokacin, kuma na ga yadda abin ya kasance a ƙasa. Farashin alkamar gida ya tashi, manoman fadama da suka daɗe da barinta suka koma mata, jihohi suka shiga gasar sanar da yawan kadadar da suka shuka, alƙaluman da wanda ya zaga gonakin da ƙafarsa ba zai iya rantsuwa a kansu ba. Burodi ya ƙanƙance ya yi tsada. Waɗansu gidajen burodi suka rufe, waɗansu suka riƙa gauraya garin masara ko na dawa, burodin ya fito da nauyi yana marmashewa. A ɗaya gefen kuma fulawar da aka sauke a Kwatano ta riƙa ratso iyakokin Binin da Nijar da dare, kuma mutumin da ke zaune a bakin hanyar Kamba zuwa Kalgo ba ya bukatar a ba shi labari. An ɗage hanin a 1992, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991. Da jiragen alkamar Amurka suka dawo Apapa, farashin ta gida ya faɗi, manomi ya koma albasa da tattasai da shinkafar rani, musamman da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yawaita rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan ban-ruwa daga 1993. Jigo ya mutu a wannan zamani. Yau sai ka zaga lambunan Gwandu ba ka ga ko ɗaya ba.

Yadda burodi ya shiga ɗakin girki

A cikin waɗannan shekaru na tsada ne mata suka fara gasa abu a gida da gaske. Tushen abin yana makarantun 'yan mata da na horon malamai mata, inda ake koyar da darasin kula da gida, a nuna wa ɗaliba yadda ake kek da burodi. Sai shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida ya zo a 1987, na tallafa wa iyali na Maryam Abacha ya biyo a 1994, aka buɗe cibiyoyin mata a hedikwatocin ƙananan hukumomi ana koyar da ɗinki da saƙa da yin sabulu da gashi. Mutane sukan yi wa waɗannan cibiyoyi dariya, kuma gaskiya ne da yawansu sun zama kango da zarar uwargidan da ta buɗe su ta bar gidan gwamnati. Duk da haka na san gidaje a Gwandu da Kalgo da kuɗin makarantar 'ya'yansu ya fito daga abin da uwa ta koya a can.

Matsalar obin kuwa mata suka warware ta da dabararsu. A sami babbar tukunyar ƙarfe mai murfi, a zuba rairayi mai tsabta kamar kaurin yatsu uku a gindinta, a ɗora a kan garwashi har rairayin ya ɗauki zafi. Sai a sa duwatsu uku ko gwangwanaye a ciki, a ɗora farantin burodi a kansu yadda ba zai taɓa rairayi ba, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin domin saman ya yi ja. Rairayin yana riƙe zafi yana rarraba shi daidai, aikin da tubalin gidan burodi ke yi ke nan. Yis ma ya sauƙaƙa, domin busasshen yis na leda da ake zubawa kai tsaye cikin gari, wanda kamfanin Lesaffre na Faransa ya fitar a 1973, ba ya bukatar firji.

Wani abin da ya ƙara tura mata ga yin nasu shi ne tsoron abin da ake zubawa a burodin kasuwa. Waɗansu masu gidajen burodi sun saba da sa wani sinadari mai suna buromet, wanda ke kumbura burodi ya yi girma da gari kaɗan, alhali bincike ya danganta shi da cutar ƙoda da sankara. Hukumar NAFDAC ta haramta shi a zamanin da marigayiya Dora Akunyili take shugabancinta, tsakanin 2001 da 2008. Akwai kuma masu sa sakarin a madadin sukari, wanda ake gane shi da ɗan ɗacin da yake bari a maƙogwaro.

Tun da malamai ne za su karanta wannan, bari in faɗi yadda aikin yake, kamar yadda na sha zama ina kallon 'yata tana yi. Ga fulawa kilo 1 takan sa sukari giram 150, bota giram 100, ƙwai 2, yis babban cokali 1 da ɗan ƙari, gishiri ƙaramin cokali 2, da madara mai ɗumi kamar rabin lita. Ɗumin ya zama wanda yatsa zai jure, domin ruwan zafi yana kashe yis. A cikin fulawa akwai wani sinadari mai danƙo da masana ke kira gulutin, kuma murza ce ke tayar da shi. Shi ya sa takan yi minti 15 tana murza kwaɓin tana naɗewa, har sai ta ja ɗan yanki ya miƙe kamar fatar ganga bai tsage ba. Yis yana cin sukari yana fitar da iska, danƙon nan kuma yana riƙe iskar, shi ne kumburin. Bota da gwaiduwar ƙwai da madara su ke hana danƙon yin tauri, sukari kuma yana riƙe danshi, shi ya sa irin wannan burodi yake kwana biyu da taushinsa alhali na Doso ya zama icce. Bayan ya tashi ya ninka, sai ta buge iskar, ta yanka shi kashi 30, ta mulmula kowane ɗaya kamar ƙwallon fura, ta jera su kusa da juna a faranti. Jerawar nan kusa da kusa tana da dalili, domin idan suka sake tashi suka manne, gefensu ba ya bushewa a wuta. Minti 15 zuwa 20 sun isa, da an sauke kuma a shafe su da bota tun da zafinsu.

Yanayin ƙasarmu yana da nasa hukunci a kan kwaɓi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, kwaɓi yakan ninka cikin rabin sa'a, wanda ya yi sakaci ya tarar ya yi tsami ya faɗa. A cikin hunturu kuwa yakan yi sa'a biyu bai motsa ba, iska kuma ta busar da samansa ya yi ɓawo, sai an rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle an kai shi kusa da murhu. Na taɓa tambayar 'yar tawa ko a ina ta koyi wannan, sai ta ce, "Baba, ai Inna haka take yi wa ƙullun masa."

Alkamar wa ake ci

A ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, zamanin Gwamna Atiku Bagudu, kuma shinkafa da alkama aka ambata tare a ranar. Shinkafa ta amsa kira, kowa ya gani. Alkama ta ɗan ɗaga ta koma. Cibiyar binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri ta fitar da iri masu jure zafi, amma manomi lissafi yake yi. Fangalin da zai ba shi alkama sau ɗaya a sanyi zai iya ba shi albasa ko shinkafar da ya san mai sayenta tun kafin ya girbe. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a kan noman 2021 ta nuna alkamar da Nijeriya duka ta noma ba ta kai tan dubu 40 ba, alhali abin da ake shigowa da shi ya haura tan miliyan 4 a shekara. Gwamnatocin Obasanjo da Jonathan sun gwada tilasta gauraya garin rogo a cikin fulawa, abin bai zauna ba. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, sannan aka cire tallafin mai aka saki Naira a 2023, buhun fulawa ya ninka ya sake hawa, sukari da bota da gas suka bi shi. Matar da ke gasa burodi a lungun Gwandu ta ji yaƙin da ake yi a bakin Baƙin Teku a cikin ribarta ta yini.

Kasuwar dai ba ta mutu ba, musamman a Kalgo. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin jiha da ke garin. Ɗalibai da ma'aikata da masu jinya sun kawo bakuna da yawa masu son abin da za a ci da shayi, kuma matan aure da ba sa fita suna aika yara da robobin burodi zuwa shaguna, ko su karɓi odar biki ta waya. A Gwandu kasuwar ta fi tashi da azumi da lokacin bukukuwa, da ranakun da baƙi ke zuwa ziyarar hubbaren Malam Abdullahi.

Akwai masu tambaya ko alkamar lambunmu za ta yi irin wannan burodi. Amsar tana wajen niƙa. Injin unguwa yana haɗe ƙwaya da dusarta ya niƙe gaba ɗaya, ɓarɓashin dusar kuma yana yanka danƙon kwaɓi kamar wuƙa, shi ya sa burodin ke fitowa gajere mai nauyi ko da alkamar mai kyau ce. Matan da suka ƙware sun samo matsakaiciyar hanya. Sukan wanke alkamar gida su shanya, a niƙa ta sau biyu, su tankaɗe da rariya mai laushi, sannan su haɗa kashi 1 nata da kashi 2 na fulawar kanti, su ƙara madara kaɗan domin garin gida ya fi shan ruwa, su bar kwaɓin ya huta minti 20 kafin murza. Burodin yakan fito da ɗan duhu, tashinsa bai kai na fulawa zalla ba, amma yana da ƙanshin da ke tuna wa mutum funkaso, kuma masu ciwon sukari sukan nemi a yi musu shi da rabin sukarin. Dusar da ta rage a rariya kuwa ta awaki ce, tsakin kuma a ajiye shi domin alkaki.